Wa Ya Taɓa Makin Nan?

A tsakiyar shekarun 2000 manyan makarantun Arewa suka shiga rige-rigen mayar da rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa cikin kwamfuta. Wayar salula ta shigo tun 2001, shagunan intanet sun yi layi a bakin kowace makaranta, kowane shugaba kuma yana so a ce a zamaninsa ne ɗalibai suka daina shan rana a gaban tagar karɓar fom. Cikin wannan guguwa aka ɗauke ni aiki a sashen kwamfuta na wata babbar makaranta, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma ofishina ya fi na kowa sanyi, domin a nan aka ajiye uwar garke, babbar kwamfutar da sauran ke jingina da ita. Don ita aka sayi na'urar sanyin, ni albarkacinta na ci.

Wani ɗan kwangila ne ya girka tsarin kafin zuwana. Rumbun bayanan MySQL ne. Ɗalibai suna shiga ta shafin intanet da aka rubuta da PHP, ma'aikata kuma suna aiki da fom-fom na Microsoft Access da aka jona da rumbun ta waya daga ofisoshinsu. A ciki akwai teburin ɗalibai, da na kwasa-kwasai, da na maki, da na biyan kuɗi, da na ma'aikata. Mai buga takardu a ofishin jarrabawa, da akawun ofishin ma'aji, da ɗan bautar ƙasan da aka turo jiya, har da shafin ɗaliban kansa, duk da suna ɗaya suke shiga: root.

Root shi ne asusun da manhajar ke ƙirƙira ranar da aka girka ta, kuma babu abin da ya gagare shi. Zai karanta, zai gyara, zai goge tebur ɗungurungum, zai buɗe wani asusun ya ba shi iko irin nasa. A wancan zamani MySQL kan zo da root ba kalmar sirri ko ɗaya, ga wani asusu marar suna da kowa ke iya shiga da shi, ga rumbun gwaji a buɗe. An bar wa mai girkawa ya bi ya rufe waɗannan da kansa. Ɗan kwangilarmu ya yi rabin aikin. Ya sa wa root kalmar sirri, wato gajeren sunan makarantar haɗe da shekarar da aka kafa ta, abin da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon bakin ƙofa.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ne masu wannan sakaci. Duk wanda ya koyi Oracle a lokacin ya haddace asusun scott da kalmar sirrinsa tiger, sunan Bruce Scott, ɗaya daga cikin injiniyoyin farko na kamfanin, da sunan kyanwar gidansu. Asusun system kuma kalmar sirrinsa manager, kuma wurare da dama ba sa canjawa. A SQL Server na Microsoft mutane kan bar babban asusun mai suna sa haka nan babu kalmar sirri, har a 2002 wata tsutsar kwamfuta mai suna Spida ta riƙa bin intanet tana laluben irinsu, tana shiga salin-alin ba tare da ta fasa komai ba. Mu dai ba daga waje tamu ta zo ba.

Wani zango, bayan majalisar malamai ta amince da sakamako an manna shi a allo, wani malami ya ga sunan ɗalibin da ya san ya kayar cikin waɗanda suka ci. A takardar malamin 38 ne, a kwamfuta 58. Aka kafa kwamiti, aka kira ni. Shugaban kwamitin ya ce, "Malam, kwamfutar nan taku da ake ta yabo, ba za ta faɗa mana wanda ya yi ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a saita ta ta riƙa ajiye tarihin abin da ake yi ba. Ko da an saita ta, suna ɗaya za ta kira, shi ne sunan da dukkanmu muke shiga da shi, har ni." Aka yi shiru, wani ya rubuta wani abu, aka sallame ni.

Da yake dole a samu wanda za a nuna, sai ido ya koma kan dattijon da ke shigar da maki. Mutum ne da ya fara aiki tun zamanin tafireta, ya koyi kwamfuta da furfurarsa don kada a bar shi a baya, yana buga lambobi da yatsu biyu yana motsa leɓe. Ya rantse ya maya bai taɓa ba. Kwamiti bai samu hujja a kansa ba, bai kuma wanke shi ba, sai ya ba da shawarar a mayar da shi sito "kafin a kammala bincike". Binciken bai kammalu ba har ya yi ritaya. Shi ke jan mu sallar azahar a ɗan masallacin bayan ginin gudanarwa. Daga wannan makon ya daina wucewa gaba. Sai ya jira an tayar, ya shigo ya tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa ya ɗauki takalminsa. Ba wanda ya hana shi limanci, shi ya hana kansa.

Littattafan da muka karanta suna cewa ana raba izini ne don a kare bayanai. Gaskiya ne, amma abin da na gani da idona ya wuce nan. Idan kowa yana shiga da suna ɗaya, ranar da abu ya ɓaci a kan wanda ba shi da kowa ake sauke shi. Babba yana da masu tsaya masa, malami yana da ƙungiya, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da abin da zai wanke shi sai shaidar na'ura, mu kuma mun girka na'urar yadda ba za ta iya ba da shaida ba.

Na rubuta takarda zuwa ga magatakarda ina neman izinin raba asusu. Da a wani lokaci ne da ta kwana a tire har ta yi ƙura, amma da yake zancen makin yana da zafi, sai ta dawo da jan biro a gefe: a yi.

Tambayoyi biyu ne rumbun bayanai ke yi wa duk mai shiga, kuma mutane kan gwama su. Ta farko, wane ne kai, kuma me zai tabbatar? Ta biyu, yanzu da aka san ka, ina ne iyakarka? Duk wanda ya tashi a gida mai zaure ya san bambancin. Baƙo ya yi sallama, yaro ya leƙo ya ji ko wane ne, wannan ɗaya ke nan. Bayan an san shi, wani a zaure zai tsaya, wani ya wuce tsakar gida, mai gyaran famfo a raka shi bakin famfo a rako shi waje. Don an san sunan mutum da na ubansa ba ya nufin an ba shi ɗakin matar gida. A wurinmu tambayar farko amsa ɗaya gare ta ga kowa, ta biyu kuwa ba a ma yin ta.

Kayan aikin sun daɗe da samuwa. Umarnin GRANT na ba da izini da REVOKE na janye shi sun samo asali ne daga aikin Patricia Griffiths da Bradford Wade a kamfanin IBM, waɗanda suka wallafa shi a 1976 lokacin da ake gina rumbun System R. Shekara guda kafin nan Jerome Saltzer da Michael Schroeder na MIT a Amurka suka fitar da ƙa'idodinsu na kare bayanai, ciki har da wadda ta fi shahara: kowane mutum da kowace manhaja a ba su mafi ƙarancin ikon da zai ishe su aikinsu, kada a ƙara ko kaɗan. Na samu maƙalar a shagon intanet, na biya aka buga min. Sa'ad da na karanta ta, ta kai shekara 30 da fitowa, amma kai ka ce marubutan sun leƙa ofishinmu.

Rubuta umarnin ba ya cin minti biyu. Sanin abin da za a rubuta shi ne aikin. Na sayi littafi mai falle 80 na shiga bin ofisoshi. Ban tambayi kowa me yake so ba, don duk wanda ka yi wa wannan tambaya zai ce komai da komai. Tambayata ita ce, "Jiya me ka yi a kwamfutar nan? Shekaranjiya fa?" Wani lokaci in ja kujera in zauna kusa da mutum in ga abin da yake taɓawa. A nan na gane yawancin mutane tebur ɗaya ko biyu suke buƙata. Akawun ma'aji yana son sunan ɗalibi da lambarsa da sashensa da ajinsa, sannan ya shigar da abin da ya biya. Ba ruwansa da maki, kuma babu dalilin da zai sa ya goge rasit bayan ya shigar. Jami'in jarrabawa yana son ya san ko ɗalibi ya biya ko bai biya ba, ba nawa ya biya ba. Mai shigar da maki yana rubutawa a teburin wucin gadi, da zarar majalisa ta amince an kwashe zuwa na dindindin hannunsa ya fita. Mai binciken kuɗi ya karanta duk abin da ya shafi kuɗi, kada ya iya canja ko kwabo. Ofishin magatakarda ke da ikon gyara suna da ranar haihuwa da jihar asali, abin da ya fi jawo rigima bayan maki.

MySQL yana ba da izini hawa-hawa: a kan uwar garken baki ɗaya, ko rumbu guda, ko tebur guda, ko ma shafi guda cikin tebur. Fitowa ta 5.0 da ta zo a 2005 ta ƙara wani abu da ya taimake mu ƙwarai, wato ka yanko wani ɓangare na tebur ka ba shi suna, ka ba mutum izinin ganin wannan yankin kawai. Da shi muka yi wa kowane shugaban sashe tagarsa, ya ga ɗalibansa, na maƙwabcinsa kuwa ko inuwarsu.

Akwai kuma wani hali na MySQL da nake yabawa har yau. A wurinsa asusu suna ne haɗe da na'urar da aka zo daga gare ta. Za ka iya cewa wannan suna ba zai shiga ba sai daga kwamfutar da ke kan tebur kaza a ofishin ma'aji. In ka sa alamar % a gurbin na'ura, ka ce daga ko'ina ke nan, kuma haka muka tarar da root ɗinmu, ƙofar MySQL mai lamba 3306 a buɗe ga duk kwamfutar da ke makarantar, har na ɗakin karatun ɗalibai. Muka ba kowace kwamfutar ofis lamba tsayayya, na bi na rubuta a farin salatif na manna a jikinsu. Asusun nan marar suna kuma na goge shi tun ranar farko, domin yana da wata mugunta: manhajar tana fifita layin da ya fi fayyace na'ura, don haka mutum kan shiga da sunansa a kan uwar garken ta ɗauke shi a matsayin marar suna, a yi ta neman dalili.

Shafin ɗalibai shi ma na ɗauke shi tamkar ma'aikaci, na yi masa asusunsa. Ɗalibai ba su da asusu a cikin rumbun kansa, shafin ne ke tantance su sannan ya shiga a madadinsu. In shafin yana shiga da root, duk yaron da ya koyi cusa umarnin SQL a gurbin rubuta lambar rajista, dabarar da ta riga ta yaɗu a shagunan intanet a lokacin, ya mallaki makarantar. Sabon asusun yana karanta sakamakon da aka amince da shi, yana rubuta rajistar kwas, shi ke nan. Ko an yaudare shi ba shi da hannun da zai kai ga maki.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Wata safiya masinja ya zo ya ce ɗaya daga cikin manya yana nemana. Na shiga na gaishe shi, bai ce in zauna ba.

"An ce ka rage min matsayi a kwamfuta."

"Ranka ya daɗe, ba matsayi ba ne..."

"Akawun da ke mataki na 6 zai rubuta abin da ni ba zan iya rubutawa ba? A makarantar nan?"

Na san in na kawo zancen Saltzer da Schroeder kashina ya bushe. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya kiyaye, amma ranar da aka sake taɓa maki kwamiti zai ce in kawo jerin waɗanda hannunsu ke iya kaiwa wurin. So nake in kai jerin babu sunanka a ciki." Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe. Can ya ce, "Zauna mana." Daga baya ya ce, "To, bar shi haka. Amma ina so in riƙa ganin komai." Aka ba shi izinin gani ban da taɓawa. A iya zamana a wurin da wuya in ya shiga ya fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Ba aikin yake so ba, kada dai a ce akwai ƙofar da ba ta buɗe masa.

Ban ga laifinsa can-can ba. A ofisoshinmu girma ake bi wajen raba komai, daga kujera zuwa mota zuwa wanda zai fara magana a taro. Rumbun bayanai kuwa aiki yake bi, kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne ke buƙatar rubutu, babba karatu kawai. Wanda bai iya faɗa wa babba wannan cikin ladabi ba zai ƙare da ba shi root, shi kuma ya miƙa wa sakatarensa.

Matsala ta biyu ta fi wannan wuya, don babu mugun nufi a cikinta. Akwai wata Hajiya a ofishin ma'aji, mace mai kirki da riƙon amana, wadda na lura asusunta yana aiki a lokutan da na san ta tafi ɗauko yara daga makaranta. Na je na same ta. Ta ce, "Ɗan nan, yaron nan mai bautar ƙasa ɗa ne a wurina. Ga layi har waje. In ce masa ya jira sai na dawo? Ko in ce ya juya baya zan buga lambata, kamar na ɗauke shi ɓarawo?" Kunya ce, kuma ita ce ta fi kowace dabarar kutse buɗe asusu a wurarenmu. Mutum ya gwammace a yi ɓarna da sunansa da a ce ya nuna wa abokin aiki rashin yarda.

Wa'azi ba ya maganin wannan. Abu biyu ne suka yi aiki. Na farko, na ce mata, "Hajiya, ki ce masa mu muka hana, ki ɗora mana laifin." Mutane suna son a ba su wanda za su fake da shi. Na biyu, tunda da gaske akwai layi kuma da gaske tana fita, muka buɗe wa masu bautar ƙasa da ɗaliban koyon aiki nasu asusun, mai ɗan ƙaramin izini: su shigar da biya, gyara kuwa sai ita. Manhajar ba ta iya rufe asusu da kanta idan wa'adi ya cika, don haka ranar da kowannensu zai gama na zagaye ta a kalandar bango. Duk inda ka ga ana ara wa juna kalmar sirri, ka duba da kyau, akwai aikin da tsarin bai yi wa tanadi ba.

Wani umarni da ya zo daga sama, wai kowa ya canja kalmar sirri duk wata, ɓarna ya ƙara. Mai sunan ɗansa da 1 ya koma sunan ɗansa da 2, waɗanda suka gaji kuma suka rubuta a bayan kalanda ko ƙasan allon bugu. Sai a 2017 hukumar NIST ta Amurka ta fito ta ce a daina tilasta canjin lokaci-lokaci sai in akwai alamar an sace, abin da kowane akawu a ofishinmu ya riga ya sani.

Abin da ya juya ra'ayin mutane shi ne kundin tarihi. Fitowa ta 5.0 ta zo da damar ɗaura wa tebur ɗan umarnin da ke tashi da kansa duk sa'ad da aka taɓa shi. Muka ɗaura wa teburin maki: duk canji, a rubuta tsohon maki, da sabo, da asusun da ya yi, da na'urar, da lokaci, a wani teburin da babu ma'aikacin da ke da izinin gogewa. Bayan zango biyu ko uku aka sake samun makin da ya yi tsalle. Kafin a ce kwabo an fara ambaton wata yarinya da aka ɗauka ta maye gurbin dattijon nan. Ta zo ofishina idonta jawur. Na buɗe kundin a gaban shugaban kwamiti. Daren Asabar aka yi canjin, da wani asusu dabam, daga kwamfutar wani ofis da mutum ɗaya ke riƙe da makullinsa, kuma ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Ya ce sace masa kalmar sirri aka yi, aka ce to makullin fa? Abin da aka yi da shi ba hurumina ba ne. Yarinyar dai ta koma kan kujerarta a ranar. Daga nan ƙananan ma'aikata da kansu suka fara zuwa suna cewa, "Malam, ni ma a yi min nawa," har ka ga mutum yana kare allon bugu da hannu in zai shiga, babu wanda ya ji haushi.

Saura mai rabon kansa, wato ni. Wanda ke riƙe da root zai iya kashe kundin, ya yi abin da zai yi, ya mayar. Na faɗa wa magatakarda haka ƙarara, don gara ya ji daga bakina. Muka tsare root ya zama ba ya shiga sai a kan uwar garken kanta, ni kuma ina aikin yau da kullum da asusu mai sunana kamar kowa. Kalmar sirrin root na rubuta, aka sa a ambulan, muka sa hannu a bakinsa ni da shi, ya jefa a sef. Sakamakon da majalisa ta amince da shi kuma a buga a takarda, a sa hannu shafi-shafi, a ajiye inda ba ni da makulli. Sannan kwaɗo a ƙofar ɗakin uwar garken: duk wanda ya kai ga jikin uwar garken zai iya sake tayar da MySQL da umarnin tsallake teburan izini gaba ɗaya, ya shiga ba tambaya. Haka faya-fayan CD da muke kwafe rumbun a kansu duk mako, kowane ɗaya makarantar ce sukutum babu kalmar sirri, kuma da can a aljihun tebur ake zuba su tare da biro da tsinken sakace.

Masu barin aiki su ne ɓarakar da ta fi daɗewa ba ta toshu ba. Takardar ɗaukar mutum tana zuwa ɗakin kwamfuta da gudu, don ana so ya fara aiki. Ta ritaya ko canjin wuri ko rasuwa ba ta zuwa. Na taɓa ganin asusun wanda muka yi wa walimar bankwana yana shigar da rasit, ashe wanda ya gaje kujerar ya gaje har da kalmar sirri. Ɗan kwangilar ma ya bar wa kansa asusu mai cikakken iko, wai don gyara in an kira shi. Maganin bai shafi kwamfuta ba: muka roƙa aka ƙara layi ɗaya a fom ɗin sallama, tsakanin na ɗakin karatu da na sito, ba a biyan mutum haƙƙinsa sai sashen kwamfuta ya sa hannu cewa an rufe asusunsa.

Da na bar makarantar na koma wani aiki na bayanan lafiya, inda na haɗu da wata manhajar rumbun bayanai, PostgreSQL. A can tantancewa tana cikin wani fayil mai suna pg_hba.conf, layi-layi: wane asusu, zuwa wane rumbu, daga wace na'ura, ta wace hanya. Daga sama ake karantawa, layin farko da ya dace shi ke aiki, don haka layi ɗaya mai kalmar trust a sama, wato a bari ya shiga ba tambaya, ya rusa duk na ƙasansa. Na sha tarar da shi, wani ya sa don ya huta da ciwon kai ranar girkawa ya manta. Abin da ya burge ni shi ne tun fitowa ta 8.1 a 2005 ana iya ba muƙami izini, a ce ga na akawu, ga na likita, ga na mai bincike, sannan a sa mutum cikin muƙamin ko a cire shi da layi ɗaya. David Ferraiolo da Richard Kuhn na NIST suka tsara wannan tunani a 1992. MySQL bai samu ba sai 8.0 a 2018, shi ya sa a makaranta nake da fayil na kowane irin aiki ina kwafa da hannu ina canja suna. A 2016 PostgreSQL 9.5 ya kawo izini a kan layi-layi cikin tebur, abin da muke wahalar yi da tagogi, a 2017 kuma aka samu hanyar SCRAM a madadin tsohuwar hanyar md5 ta tantance kalmar sirri. A farkon 2017 ɗin ne kuma aka wawushe dubban rumbunan MongoDB da masu su suka bari a intanet babu tantancewa ko kaɗan, aka goge bayanan aka bar saƙon neman kuɗin fansa.

Yau kayan aikin sun fi namu nesa ba kusa ba, amma ban daɗe da ganin kalmar sirrin babban asusu a zauren WhatsApp na ma'aikatan wani wuri ba, an turo ta tsakanin sanarwar ɗaurin aure da ta taro. Bambancin shi ne yanzu akwai doka. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a 2019, a Yunin 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Wurin da kowa ke shiga da suna ɗaya ba zai iya faɗin wa ya shiga ko me ya taɓa ba, ko an ba shi wata 72.

Idan kai shugaban makaranta ne, ko asibiti, ko ma'aikata, gobe ka kira mai kula da kwamfutarku ka ce ya buga maka jerin duk asusun da ke cikin rumbun, da abin da kowanne ke iya yi. Ka ɗauki biro ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta sunan mutum guda mai rai, wanda har yanzu yake aiki a wurin, a gaban kowanne. Duk wanda ka rasa sunan da za ka rubuta, ko ka samu sunaye biyu, a rufe shi kafin a tashi daga aiki. In ka ga naka yana da izinin canja maki ko goge rasit, da shi za a fara.